Gajeren Fambel

A Farin Gada, ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo,
Davou ya ɗaga bonet, ya tokare shi da guntun katako.
Ya ce, "Barau, injinka lafiyarsa ƙalau,
masu cin tuwonsa ne suka yi yawa."

Ya nuna mini da bakin sifana:
wannan fulin na cajin batir ne, ƙyale shi;
wannan na famfon ruwa, taɓa shi ka kwana a daji;
wannan kuwa na esi,
sai ya yi dariya har wushiryarsa ta fito:
"Esi a Jos?
Garin da manja ke barci har azahar?"

Ya warware zaren buhun dankali,
ya bi da shi fuli zuwa fuli,
ya tsallake ɗaya
kamar mai rabon goron suna
da ya iso ƙofar wanda ba sa ga maciji.
Ya ƙulla, ya datse da haƙori.
"Tafi Dilimi. Daidai wannan tsawon,
kada su ƙara maka ko ɗan yatsa."

Taƙi ɗaya da rabi aka rage.
"Ƙarfin doki huɗu za ka samu," in ji shi,
"ko biyar, in motar na da kunya."
Na leƙa ƙarƙashinta, ban ga ko kofato ba,
amma na biya.

Kuma bai yi ƙarya ba.
Ran Laraba na taso daga Akwanga, doya har rufi,
a Hawan Kibo, inda tsohuwar Fijo ke tari a giya biyu,
sai ta riƙe uku,
ta wuce wata tirela mai nishi kamar naƙuda.
Na daki sitiyari, na yi mata kirari,
fasinja suka ɗauka aljanu gare ni.

Sai Agusta.
Ruwa ya tsuge mana a Riyom,
numfashin mutum shida ya toshe gilashi fari fat.
Na murɗa maɓalli. Shiru.
Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da hulata,
ina goge hanya kaɗan-kaɗan.
Wata tsohuwa a baya ta ce,
"Direba, me ka cire wa motar nan?"
Na ce ba komai, Mama.

Kullum da asuba in na zo duba ruwan lagireto
ina ganinsa.
'Yan uwansa na juyi, shi yana tsaye,
tsatsa ta fara cin gefensa,
gizo-gizo ya kafa masa labule.

Ni ma na auna da zare, ai.
Tun da kuɗin mai ya hau dutse ya ƙi sauka
na zauna da dare da biro da bayan rasit:
haya, ƙyale ta;
kuɗin makarantar Bilki, taɓa shi ka ji kunya;
Goggo Lantana a Gangare,
mudu huɗu na masara duk wata, da sabulu.
Ita ba ta taɓa tambaya ba.
Shi ya sa zaren ya tsallake ta da sauƙi.

Yanzu kuɗi na kai mu ƙarshen wata.
Gidan ya riƙe giya uku.
Sai dai in zan je Taminus
ta Masallacin Juma'a nake zagawa,
don kada ta ji ƙarar salansata
ta ɗaga labule.

Tsohon fambel, dogon,
Davou ya ce in jefar, na ƙi.
Yana but, naɗe ƙarƙashin safaya,
bai tsage ba, bai ko zare ba.

Yau da safe, kafin in tayar da inji,
na sa yatsa na tura fulin nan.
Ya yi ɗan kuka, ƙiii,
ya juya sau ɗaya da rabi,
ya tsaya.